Kakin Yana Narkewa, Salfo

Wagadugu, 9 ga Afrilu

Zuwa ga ƙanin mijina Salfo,

"Ko ina kabari zan taso in zuba wa Yaya wannan aikin kafin zafi ya shigo." Haka ka faɗa a ƙofar asibiti, ranar da ɓarin jikin yayanka Rasmane ya shanye. Zafi ya shigo, kai kuwa garin Bobo kake, ba kabari ba.

Bayan haka, ina gaishe ka. Ya matarka Pogbi da yara, ya ciwon gwiwarta? Mu nan da sauƙi, in ana kiran wannan sauƙi.

Siffar mahaifiyarku da ya gina da kakin zuma tana nan yadda ya bar ta, ita ce aikin ƙarshe na hannunsa na dama. Na saka ta bayan randa, ina lulluɓa mata jiƙaƙƙen zane sau biyar a yini. Duk da haka shekaranjiya kunnenta na hagu ya lanƙwashe. Ya sa hannun hagu zai gyara, sai yatsansa ya lotsa mata kunci. Ranar bai ci tuwo ba. Mutumin da aikinsa ke baje a ƙasashe bakwai, yau kunne ɗaya ya gagare shi.

Na san abin da ke cin ka. Shekara talatin shi ke gina kaki, kai ke gaban wuta kana narka tagulla, amma sunansa kaɗai ake bugawa a takardun baje koli. Ban musa ba. Na sha ce masa, "Malam mai suna, wa ya ƙone gira a kan dokin tagullar nan?" Sai ya yi dariya. Bai kyauta ba. To amma tsohuwar ce ta yi maka laifin?

Na karanta littattafai biyu kan zubi. Na iya kwaɓa yumɓu da kashin jaki, na san inda ake barin ƙofar da kaki zai tsiyaye. Amma babu littafin da ya nuna mini launin da tagulla ke yi in ta isa zubawa. Wannan a idonka yake. Ka kuma fi ni sani, zubi sau ɗaya ne: kaki ya ƙone, a fasa yumɓu, in ta fito da rami shi ke nan, ba hannun da zai sake gina ta.

Jiya ya tambaye ni, da bakin nan nasa da ya karkace, ko ka kira. Na ce layi ne ba kyau. Na gaji da yin ƙarya don rufa maka asiri.

Ina jiran ka zuwa Juma'a ta sama. In ba ka zo ba, Asabar zan lulluɓe ta da yumɓu da kaina, in ɗora ta a babur in kai wa masu zubin tukwanen girki a kasuwa. Duk fuskar da ta fito, a gindinta zan sa a rubuta sunanka, kai kaɗai.

Ka gaida Pogbi.

Matar yayanka,
Sibdu