Awaki Sun Yi Binciken Ba Da Ni Ba

Zuwa ga 'yata Hauwa,

Gaisuwa mai yawa. Ya karatu, ya jiki, ya zafin Maiduguri? Mu nan unguwar Congo-Russia lafiya lau, sai ciwon gwiwar mamarki.

Maganar waken Masar iri uku da kika sa na shuka don aikin makarantarki, wai in gano wanda awaki suka fi son ganyensa. Ni da na tsaya a aji huɗu, yau ni ne mai bincike! Na yi yadda kika ce, kowane iri da layinsa, na rubuta lambarsa a kwali na ɗaura a jikin itacen. Wata biyar ina ban ruwa kamar mai renon jariri.

Ranar Talata mamarki ta tafi kasuwar Terminus, ta bar ƙofar lambu a buɗe. Na dawo na tarar awakinmu sun cinye layin tsakiya tas, sauran biyun sun ɗan taɓa sun bari. Kwalayen kuwa duka ukun sun shige cikin awaki. Na ce, "Hajiya, mece ce lambar na tsakiya?" Ta ce, "Malam, tambayi akuyar, ita ta karanta."

Wallahi raina ya ɓaci, ina tsoron ki faɗi jarrabawa saboda ni. Ga ganyen biyun da suka ƙi, na sa a ambulan. Ki duba su da kyau. Wanda ba ki gani ba, shi ne gwanin.

Ki sa mu a addu'a, har da awakin. Ki gai da kawunki da iyalinsa.

Babanki,
Sale