Kukan Jirgin Baba

Junín, 4 ga Mayu

Yaya Ubaldo,

Gaisuwa mai yawa da fatan kai da Anti Zulema da yara kuna lafiya, sanyin kudu bai takura muku ba. Baba yana nan yadda ka bar shi. Yawanci da sunan marigayiya Mama yake kirana.

Taransfomar ɗan jirgin ƙasansa na wasa ta ƙone. Ka san tun da mantuwa ta kama shi, ba abin da ke zaunar da shi sai kewayawar jirgin nan a kan teburin gareji. Mutumin da ya yi shekara talatin yana tuƙa na gaske! Kwana uku ke nan yana zagaye gida yana buɗe ƙofofi.

Na kai wa Don Amílcar na ƙungiyar masu ƙananan jirage. Ya ce, "'Yata, wannan ai ta girme ki. A sa wa kan jirgin dikoda a huta." Na ɗauka irin ta talabijin ce. Ashe wata 'yar aba ce kamar farce, da wayoyi takwas, kowace da launinta. Sau biyu ya yi mini bayani ina gyaɗa kai, ban gane komai ba. Na dai ce ya sa.

Ƙanwarka,
Herminia

Junín, 15 ga Mayu

Yaya,

Bayan gaisuwa, yaya ƙafar taka? Jirgi ya dawo da rimot mai maɓallai fiye da ashirin. Ranar farko ya ƙi motsi. Na buga wa Don Amílcar, ya ce, "Kin kira shi da lambarsa?" Wai yanzu yana da lamba, uku, sai an kira yake amsawa. Da ya amsa kuma, baya ya yi. Baba ya karɓi rimot ɗin ya jujjuya, ya kara a kunne ya ce, "Wa ke magana?"

Ina karɓa yatsana ya taɓa wani maɓalli. Yaya, sai jirgin ya yi huci, ya saki kuka irin na jirgin gawayi. Ba wanda ya gaya mini an sa masa murya. Baba ya miƙe, ya gyara wuyan riga, ya ce, "Herminia, ina hulata? Na makara." Wata bakwai rabon da ya faɗi sunana.

Washegari da safe ina haɗa masa shayin mate, na waiga ba shi. Na bi unguwa da gudu kamar mahaukaciya. A tashar jirgin ƙasa na same shi, da hula da silifas, yana jiran a ba shi jirgi. Gyara na yi ko ɓarna?

A gaida kowa.
Herminia

Junín, 29 ga Mayu

Yayana,

Ina gaisuwa. Na ga saƙonka cewa a kashe muryar, kuma na kashe ranar Litinin. Jirgi ya yi ta kewayawa shiru. Baba ya daɗe yana kallonsa, ya ce, "Wa ya bari wutar ta mutu?" Ranar ko soyayyen naman milanesa da yake so bai taɓa ba.

Likita ta ce a bar ta a kashe, Don Amílcar ya ce a kunna, kai kuma kana nesa. Har yanzu ban san mai gaskiya ba. Ranar Alhamis dai na kunna.

Yanzu kullum ƙarfe takwas ni nake raka shi tasha. Na roƙi mai gadin wurin, wani Cirilo, shi kuma kullum sai ya duba wata takarda ya ce wa Baba, "Don Evaristo, yau kana hutu." Baba ya yi tsaki: "Hutun kuma? Mutanen nan ba su san darajar direba ba." Daga nan mu biyo ta gidan burodi mu dawo.

Jiya a hanya ya tambaye ni ko ka gama firamare. Na ce saura kaɗan. Ya ce in gaya maka ka zo da an yi hutu, zai ɗora ka a kan jirgi ka ja igiyar usur da hannunka.

To, na gaya maka.

Taka har kullum,
Herminia