Daƙiƙa Uku a Jikin Butar Shayi

Zuwa ga ƙanena abin ƙaunata, Humayun jan,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, sanyin Hamburg bai karya ka ba. Mu nan Herat sai godiya. Gwiwar Madar, mahaifiyarmu, ta yi sauƙi har ta koma gasa burodi da kanta, kullum dai tana cewa ka rame a hoto. Ni ban ga rama ba, sabuwar kwat na gani.

Na kalli bikin nuna fim ɗinmu, wanda na ɗauka ka fitar da sunanka, a wayar Shakiba 'yar innarmu Khala Mahgul, sau huɗu. Ba zan ɓoye maka ba, ƙyashi ya kama ni. Kaka uku ina shiga ɗakunan matan da ke tsince zaren za'afaran daga furanninsa, ɗakunan da kai ba ka isa ka leƙa ba, kyamara a naɗe cikin zanen burodi. Wata biyu ina zarya gidan tsohuwa Bibi Zarin kafin ta yarda in ɗauki hannunta, hannu kawai, ban da fuska. Sai ga 'yar jarida tana tambayarka yadda ka sami yardar matan nan, ka gyara wuyan riga ka ce haƙuri ne. Kai, Humayun, da ba ka iya jiran ruwa ya tafasa! Suna ta yi maka tafi, ni ina tsugune ina ɓare tafarnuwa.

Ga kuma hoton talla da suka yi, wata mace cikin shuɗiyar chadari, lulluɓin nan mai rufe har fuska, tana kallon duwatsu, alhali babu ita a fim ɗin. Da na nuna wa Bibi Zarin, ta ce wannan baƙuwar ba ta taɓa riƙe fure ba, a dubi farcenta. Ta ce mutanen can sun fi son mu a rufe muna baƙin ciki, shi ya sa ba su ji dariyar da ke ɗakin ba.

Na sani ni na ce a cire sunana, kuma na san masu mulkin garin nan za su buga mana ƙofa in ya fito. Ban canja magana ba. Amma saƙonka na jiya ya yi mini ciwo. Ka ce kafin a sa fim ɗin a talabijin za ka yanke daƙiƙa ukun nan da inuwata ta fito a jikin butar shayi, don kada a gane ni. Madar ta ce a yanke, har da kuka. Na je na sake duba wurin: wata aba ce a karkace, mai gyale, kyamara ta rufe mata fuska. A duk shekara ukun nan, ita kaɗai ce tawa. Kada ka taɓa ta. In wani abu ya biyo baya, ni na zaɓa. In an tambaye ka wace ce, ka ce ba ka san sunanta ba, amma ka faɗa musu ita ta ɗauki fim ɗin.

Ka gaishe da matarka Parwana, ka sumbatar mini goshin ƙaramar Nilufar. Madar da Khala Mahgul suna gaisuwa. Allah ya ƙara ɗaukaka ka, da gaske nake, ko da yake haƙorana a cije suke.

Yayarka,
Tahmina. A nan kaɗai nake iya rubuta sunana.