Mabuɗin Yana Aljihuna

Litinin, 4 ga Agusta

An kawo wa ƙungiyarmu ta manoman masara a-kori-kura mai aiki da lantarki. Ba fetur, ba hayaƙi, ba ƙara. Hasken rana ke cika mata batir a bayan ofis. Ni ne sakatare, ni aka damƙa wa mabuɗi. Ba a soka shi ko'ina, ya dai kasance a jikinka. In ka yi nisa da shi sai ta kulle kanta, ta yi ɗan kuka irin na ɗan tsako, kuma ba mai iya tayar da ita. Na karance littafinta kaf. Philemon Bakoji, ma'ajinmu, ya ce shi motar da ba ta tari bai yarda da lafiyarta ba.

Alhamis, 7 ga Agusta

Na kai iri Gayam. Na tafi da Zakiyya, matata, ta duba mahaifiyarta kamar kowace Alhamis.

A dawowa, tsakiyar daji, shiru har ana jin tsuntsaye, sai ƙara. Fam! Motar ta karkace ta tsaya.

Ban san lokacin da na buɗe ƙofa ba. Na dai ga kaina kwance bayan wata kaɗanya, ƙafa ɗaya ba takalmi. Daga can na ji kukan ɗan tsakon. Na taɓa aljihu. Yana nan.

Ba wanda ya fito daga daji. Can sai muryarta: "Malam! Taya ce."

Wai ni ne mai karanta tarihin yaƙe-yaƙe, ina gyara wa jarumai dabara a gefen shafi da jan biro.

Canza tayar kam na iya. Na sauko da safaya daga ƙarƙashin bodi, na sassauta notuna, na nemi gurbin jak da ke da alama, don in aka kuskure batir za a huda. Motar nauyi gare ta kamar giwa, jak ya yi ta nutsewa cikin laka. Zakiyya ta kawo faffaɗan dutse ta ajiye. Ta kawo takalmina ta ajiye kusa da shi. Ta riƙe notunan a gefen mayafinta tana miƙo mini ɗaya bayan ɗaya.

Muka kama hanyar gida.

Juma'a, 8 ga Agusta

Tuwo ya yi daɗi. Da ma ya ƙone.

Lahadi, 10 ga Agusta

Na je majalisa a ƙofar gidan Philemon da shirin a ci namana. Ni da na shekara ina kwaikwayon gudun Idrisu tela ranar da salansar babur ta yi ƙara a kasuwa. Ashe ba wanda ya san na gudu. Philemon har da yabo: "Malam, ashe bayan turanci har jak ka iya!" Wai Zakiyya ce ta gaya wa Laraba, matarsa, cewa ni kaɗai na canza tayar.

Aka ce in yi musu gudun Idrisu. Na ce gwiwata na ciwo.

Talata, 12 ga Agusta

Gudu a wannan dajin ba abin kunya ba ne, mun binne waɗanda suka tsaya. Na faɗa wa kaina haka yau, kuma gaskiya ne. Sai dai Zakiyya ta iya tuƙi, ni na koya mata. Da 'yan bindiga ne, da taya uku ma za ta ja motar ta tsira. Ni na tafi da abin tayarwa.

Alhamis, 14 ga Agusta

Na goge motar tun da safe, na tsaya a ƙofar gida. Ta fito da kwanon furar Inna, ta ce, "Kada in wahalar da kai, Malam, zan bi ta haya." Ta haya, mutum takwas da akuya.

Tun aurenmu ba ta taɓa shiga wannan hanyar ba sai tare da ni.

Asabar, 16 ga Agusta

Na fara: "Maman Saliha, ranar nan…" Tana tsince shinkafa, ba ta ɗago ba. Ta ce ba gudun ya dame ta ba. "Na danna abin nan, motar ta ƙi tashi. Na sake dannawa." Ta ci gaba da tsinta.

Na zauna nan har ta gama.

Alhamis, 21 ga Agusta

Da asuba na jefa mabuɗin cikin jakarta. Ta gan shi tana neman carbi. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta zuge jakar ta ce in ɗauko kwanon furar.

Ni na tuƙa, jakar na kan cinyarta. Motar ba ta damu da wanda ke riƙe da shi ba, muddin yana ciki. Da muka zo wajen kaɗanyar ta ce, "Ta yi 'ya'ya bana." Na ce na gani.

Philemon ya tambayi dalilin da mabuɗin ƙungiya ke jakar mace. Na ce aljihuna ya huje.