Ruɓaɓɓen Jirgi Muka Kai Musu Sadaka

Assalamu alaikum Edita, da ku masu karanta wannan fili. Don girman Allah a sakaya sunana, kuma kafin ku zage ni ku daure ku kai ƙarshe, don zagin da nake yi wa kaina ya fi naku zafi.

Ni ma'aikacin gwamnati ne, ina cikin waɗanda aka kwaso daga Sakkwato aka dawo da su Birnin Kebbi da aka ba mu jiha. Muka tarar gari ya cika da baƙi, ga shara, ga kwatoci a toshe, sai mu matasan ma'aikata da ke haya a Badariya da Gwadangaji muka kafa kulob na taimakon jama'a. Ranar Asabar mu fito da tsintsiya da shebur mu yashe kwata, mu share kasuwa, mu leƙa asibiti wurin marasa lafiyan da ba su da kowa, wanda ake nema wa jini mu ba shi namu. Wallahi don Allah muka fara, kuma har yau abokaina don Allah suke yi.

Bara da damina labari ya iso mana daga wani ƙauye da ke ƙetaren gulbi, gaba da Argungu. Wata mai naƙuda ta rasu a bakin ruwa ana jiran jirgin da zai ƙetare da ita zuwa asibiti, don ƙauyen ba su da nasu. Kulob ya ce lallai mu saya musu jirgi. Surukina, mahaifin matata, mutumin Argungu ne mai jirage, sai na miƙe a taro ina bugun ƙirji na ce a bar mini wannan aiki. Me ya kai ni? Son a san da ni ne kawai, ba komai ba.

Da rani na je na same shi, ya kai ni bakin gulbi ya nuna mini wani babban jirgi a kife, ya sha sabon fenti yana ƙyalli. Ya juya yana gaisawa da wani, ni kuwa na ɗora hannu a gindin jirgin na danna, sai babban yatsana ya nutse kamar a cikin dafaffiyar kabewa. Na kankare fentin da farce, na ga kwalta da tsumma aka cusa, katakon ya ruɓe. Da ya dawo na ce, "Baba, wanga wuri hwa?" Ya dube ni tun daga sama har ƙasa ya ce, "Ni kaka tuhuma? Sa'adda kaz zo neman ɗiyata, mi ag gare ka? Na latsa ka in gani ko kana da ƙwari?" Mutumin nan ya ba ni 'yarsa lokacin da ko katifa ba ni da ita, ta yaya zan dubi idonsa in ce masa maha'inci? Na sunkuyar da kai na ce, "Allah shi huci zuciyarka, Baba." Na koma na gaya wa kulob na samo jirgi mai ƙwari.

Ranar da muka miƙa shi ruwan gulbi bai wuce gwiwa ba. An rubuta sunan kulob a jikinsa, mata suna ta guɗa, aka ɗauki hoto. Wata tsohuwa, ashe uwar matar da ta rasu ce, ta riƙe hannuna da hannu biyu tana kuka tana cewa, "Ɗana, yadda kat tsamo mu, Allah shi tsamo ka ran gobe." Na ce amin. Da wane baki na ce amin?

Na yi ta lallashin kaina cewa kafin ruwa ya sauko zan san dabara. Ga shi ruwa ya sauko, ban san komai ba. Kwanan baya na kasa haƙuri na hau mota na je na gani da idona. Gulbin da na sani ya ɓace, ruwa ja wur ya shanye fadama har ya fara taɓa gonakin shinkafa, yana gudu yana juya itace. Ina tsaye jirgin ya iso, maƙil da mata masu zuwa kasuwa, da goyo, da awaki, bakinsa ya kusa daidai da ruwa, wata mata a tsakiya tana ta kwashe ruwa da ƙwarya. Matuƙin ya gane ni, ya zo da murna yana cewa, "Yallaɓai, shina ɗan shan ruwa, amma sabon jirgi hakanan shike sai katako ya jiƙa ya kumbura. Abin da kunka kawo muna don Allah, ai Allah na tsare shi." Na leƙa ciki na ga kwaltar ta fara ɗagowa. Ko a nan ban yi magana ba. Wane irin mutum ne ni?

Daga can na wuce gidan Baba, na durƙusa na roƙe shi ya canza musu da wani. Ko kallona bai yi ba, ya ce, "An gama magana. Wanda kwanansa ya ƙare, ko jirgin ƙarhe yash shiga sai ya tahi." Na dawo gida na gaya wa matata komai, ina zaton za ta taya ni. Ta ce, "Baba bai taɓa cutar kowa ba. Ka buɗe baki ka kunyata shi cikin Argungu, ka ga in zan ƙara kwana gidanka."

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne wannan. A taronmu na ƙarshe shugaban kulob ya sanar cewa ƙarshen watan nan za mu kai ma'aikatan lafiya su yi wa yara allurar rigakafi, kuma tunda mota ba ta ƙetarawa, a wannan jirgin za a riƙa kwaso iyaye mata da jariransu zuwa wannan gaɓar. Ya nuna ni yana dariya ya ce, "Kai za ka tsaya bakin ruwa kana saka su, tunda kai ne uban jirgi." Aka yi mini tafi. Kuma ana ta cewa za a saki ruwan dam ɗin da ke saman gulbin kafin lokacin.

In na faɗi gaskiya aurena ya mutu, sunan kulob ya ɓaci, abokaina da ba su ji ba ba su gani ba su rasa inda za su sa fuskarsu, kuma ba wanda zai yarda ba haɗa baki muka yi da Baba ba. Na yi tunanin in je a ɓoye in fasa jirgin da gatari, to in wata ta fara naƙuda kashegari fa, wa zai ƙetare da ita? In kuma na yi shiru, da hannuna zan karɓi jariri in miƙa wa uwarsa a cikin abin da na san ruɓaɓɓe ne.

Edita, don Allah kada wasiƙar nan ta kwana a teburinka, ruwa ƙaruwa yake yi. Jama'a, ku dubi Allah ku gaya mini, me zan yi?