Kwamfutar da Ka Zaɓa wa Fati

Ndagi,

Bayan gaisuwa, ya aiki, ya iyali, ya ruwan Fatakwal? Mu nan Minna lafiya lau.

Kwamfutar tafi-da-gidanka da ka dage a waya sai 'yarka Fati ta saya, ta fashe. Na zaɓa mata tsohuwa mai jikin ƙarfe, ka ce me na sani, sabuwar ta fi sauri, ga ƙarko. To, jiya a bas ɗin Gidan Kwano aka matse jakarta, murfin roba ya tsage, gilashin ya mutu, aikinta na kammala jami'a yana ciki. Ina saurin yanzu?

Ka taya mu addu'a mai gyara ya ceto aikin. Ka gaida Hajara da yara. Shawararka kuwa, ka riƙe abarka can.

Yayarka,
Amina