Saitin da Aslak Ya Bari

Lesja, 6 ga Mayu

Torleif,

Gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da uwargida Oddny. Na rubuto ne don na san ko na kira ka a waya ba ji za ka yi ba, shekara arba'in kana harbi ba ka toshe kunne, kai da yayanka duk kanwar ja ce.

Takarda ta zo daga hukuma a kan bindigar Aslak. Sun ce tunda mai ita ya rasu, ko in sayar, ko in miƙa musu, ko kuma in zama 'yar ƙungiyar harbi da gaske, mai koyarwa ya sa hannu cewa na iya. Wa'adin ƙarshen Agusta ne. Na bayar da rigunansa, na bayar da takalmansa, ban ji komai ba. Bindigar ce dai na kasa. Ka sa sunana a ajinka na harbin nesa na ranar Asabar. Kada ka ce min na tsufa, na sani.

Ka gaida Oddny, ka ce na gode da miyar.

Matar yayanka,
Gunvor

*

Dombås, 15 ga Yuni

Matar Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa. Abin da na kasa faɗa miki jiya a gaban mutane shi zan rubuta.

Asabar biyar ke nan kina zuwa. Kwanciyarki daidai, numfashinki daidai, kina jan kunama a hankali kamar wadda ta shekara goma tana yi. Harsashi biyar ɗinki tafin hannu zai rufe su. Amma duk suna sauka kamu guda a saman baƙin ɗigon tsakiyar allon harbi, kuma kin san dalili. Abin murzawar da ke kan madubin bindigar ba a sifili yake ba. Darasin farko na gaya muku: kowane nisa da adadin murzawarsa, ka harba, ka mayar sifili kafin ka ɗaga kai. Ke kuwa ko taɓa shi ba ki yi ba. Da na kai hannu jiya kika buge min yatsu, har Steinar mai gyaran taraktoci yana cewa, "Malam, yau kai ne ɗalibin?"

Na ga kuma dabarar da kika fara, wato auna ƙasan allo don harsashi ya faɗa tsakiya. A mita ɗari uku za ki iya yaudarar allo. A ɗari biyar, da iskar kwarin nan, ba za ki iya ba, kuma ba haka ake yi ba. Wallahi, Gunvor, ko uwata ce ba zan sa hannu a takardarta a haka ba. Ki murza abin nan.

Oddny na gaishe ki.

Ƙaninki,
Torleif

*

Lesja, 19 ga Yuni

Torleif,

Na samu takardarka, ina gaisuwa. Yi haƙuri da yatsun.

Kai ne ka kawo min bindigar nan ranar da kuka sauko da gawar Aslak daga dutse, a cikin jakarta, ka jingina ta a bayan ƙofa. Ban buɗe ba sai a watan Afrilu. Lambobin jikin abin murzawar sun goge tun kafin mu aurar da 'yarmu Ingunn, shi da yatsu yake ƙirgawa, ƙas, ƙas, ƙas. Amma na san inda sifilinsa yake tsayawa, akwai ɗigon jan fenti da ya sa. Ɗigon ba ya wurinsa.

Shekara talatin da huɗu ina zaune da mutumin nan. Yakan manta ranar haihuwata, yakan bar kofi a kan wuta har ya ƙone. Amma bai taɓa mantawa ya mayar da saitin bindiga sifili ba, ko sau ɗaya. Abu na ƙarshe da hannunsa ya yi a duniya ke nan, kai kuma kana cewa in warware shi don a ba ni takarda.

Ga kuma abin da nake ta juyawa. Ka ce min kun zauna hutawa ne, ya zuba kofi, ya jingina da dutse, shi ke nan. Mai shan kofi me zai kai shi murza saiti? Ba fushi nake yi ba. Na ma so in yi fushin, na duba ban same shi ba. Tambaya ce kawai.

Gunvor

*

Dombås, 2 ga Yuli

Matar Yaya,

Gaisuwa. Asabar biyu ba ki zo ba, Steinar har ya tambaya ko mun kore ki ne. Jarrabawa ranar 23 ga Agusta ce, harsashi biyar a ɗari uku, biyar a ɗari biyar. Ki riƙa zuwa da safe kafin iska ta tashi. Ki zo da riga mai kauri, sanyin ƙasa yana shiga ƙirji.

An yi ruwa sosai a nan, ciyawa ta kwanta.

Torleif

*

Lesja, 24 ga Agusta

Torleif,

Ina gaisuwa. Jiya na tafi ban yi maka sallama ba, ka yi haƙuri.

Ka ga sakamakon da idonka, tara cikin goma, ka sa hannu. Abin da ba ka gani ba shi ne wanda ya faru kafin a fara. Na yi shawara da kaina tun a mota: zan murza shi zuwa sifili ina ƙirgawa, in riƙe adadin, in an gama in mayar da shi daidai inda ya bari. Ba wanda zai sani, kamar ban taɓa ba. Na kwanta, na ɗora yatsu, na fara. Na kai sha ɗaya ko sha biyu sai ga Steinar a kaina da kwalbar kofinsa: "Gunvor, da madara ko baƙi? Yau fa sai kin ba mu kunya." Na ce baƙi. Hannuna kuwa bai tsaya ba. Kafin in ankara abin ya tsaya cik, jan ɗigon yana kallona.

Ban yi kuka ba. Na sha kofin. Na harba goma ɗin, kowane na mayar sifili kafin in ɗaga kai, yadda ka koya mana. Na dawo gida na ci burodi da cuku a tsaye, na wanke farantin.

Bindigar tana nan, tawa ce yanzu, doka ta yarda. Na fito da ita da safe na yi ta kallonta. Bindiga ce kawai, irin ta kowa. Na gwada ashirin, na gwada talatin, ban san wanne ne nasa ba. Da na sani da na miƙa musu ita yadda take.

Ba sai ka amsa waccan tambayar ba. Na daina.

Gunvor

*

Dombås, 27 ga Agusta

Gunvor,

Ashirin da bakwai ne. Ni na faɗa masa.

Ba kofi muke sha ba. Barewa ce a tsallaken kwari, mita ɗari huɗu da hamsin, muna kwance kafaɗa da kafaɗa, ni da madubin hange. Na ce ashirin da bakwai, na ji ya ƙirga su duka. Sai shiru. Na ce harba. Na ce harba mana, tsoho, me kake jira, sai ta kawo maka kanta? Na yi ta yi masa tsiya, idona yana kan barewar, har ta gama kiwonta ta haye dutse. Ban san minti nawa ba ne. Sai a lokacin na juyo.

Na ga saitin da nake sa ta a jaka. Ni ma na kasa mayarwa.

Ki zo Asabar in kina so. In ba kya so, na gane.

Torleif